Albasa, farasitamol da jan ƙarfe: tambayoyi da amsoshi kan yadda guba ke taɓa jinin mutum da na dabba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta da sassafe ya san jinin sa da na rago da na raƙumi duk ja ne, in suka haɗu a kwata ba mai iya raba su. Daga nan kuskuren yake farawa. Mutum ya sha magani ya ji sauƙi, sai ya ɓantari rabi ya ba kyanwarsa. Ya ga akuya ta ci ruɓaɓɓiyar albasa ta kwana lafiya, sai ya zazzage buhu guda gaban shanu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda makiyaya da masu turka da ɗalibai suka fi maimaita mini.

Mece ce jar ƙwayar jini, kuma me guba take yi mata?

'Yar dako ce. Jaka ce ƙanƙanuwa cike da himogulobin, wani furotin mai ɗauke da ƙarfe, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki. A jikin mutum da dabbobi masu shayarwa, ƙwayar tana zubar da cibiyarta, wato ɓangaren da ke ɗauke da umarnin ƙira, kafin ta bar ɓargo, don haka ba ta iya ƙera sabon kayan gyara. Guzurin da ta fito da shi, da shi za ta ƙare rayuwarta: kwana 120 a jikin mutum, wajen 70 a jikin kyanwa.

Gubar da ta fi yawa ita ce mai sa tsatsa. Idan ƙarfen cikin himogulobin ya yi irin wannan tsatsar, sai ya koma abin da ake kira methimogulobin, wanda ba ya ɗaukar iska ko kaɗan, jini kuma ya rikiɗe ya zama ruwan cakulan. Idan jikin furotin ɗin ne ya ƙone, sai ya dunƙule ya manne a bangon ƙwayar. Waɗannan ƙullutai sunan wani likita Bajamushe, Robert Heinz, suke ɗauke da shi, shi ne ya bayyana su a 1890. Ƙwayar da ke da ƙullutu ko dai saifa ta cafke ta, ko ta fashe a cikin jijiya. Akwai kuma gubar da ke yaga tantanin ƙwayar kai tsaye, da wadda ke shiga ɓargo ta lalata ƙira tun daga tushe.

In aikinsu ɗaya ne, ina bambancin yake?

A kusan komai, in ka cire launi. Ƙwayar jinin akuya ba ta kai rabin ta kare girma ba. Ta raƙumi siffar ƙwai ce da ita. Ta kaza da kifi da ƙadangare tana da cibiya. Ta alade ba ta iya cin sukarin jini yadda ta mutum take yi, da wani sinadari daban da hanta ke aiko mata take rayuwa. Kitsen da aka gina tantanin ƙwayar tunkiya da shi ba irin na zomo ba ne.

Sannan kafin guba ta iso jini sai ta bi ta ciki da hanta. Tumbin saniya masana'anta ce mai cike da ƙananan halittu: wani lokaci su kashe dafin abu, wani lokaci su mayar da abu mai lafiya ya zama guba. Don haka amsar ba a cikin ƙwayar kaɗai take ba, hanyar da gubar ta biyo ma tana da nata rabon.

Da gaske ne farasitamol yana kashe kyanwa?

Da gaske ne, kuma ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa. Ko miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinta yana iya fara yi mata illa.

Na taɓa ganin wata dattijuwa ta kawo kyanwarta a cikin kwali. Kyanwar ta kwana biyu ba ta cin abinci, sai aka jiƙa mata rabin ƙwaya a madara saboda tausayi. "Ɗan nan, ai ko jariri ana ba shi," in ji ta. Na ce, "Haka ne, Hajiya, amma hantar jariri ba irin tata ba ce." Fuskar kyanwar ta kumbura, tafukanta ma haka, dasashinta ya koma ruwan ƙasa mai toka-toka, tana haki baki buɗe kamar wadda aka kora. Da aka ɗiga jininta a kan farar takarda, sai ka ce ɗigon shayi mai kauri. Ba ta kai la'asar ba. Har yau in na tuna, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matar nan ƙauna ce ta sa ta yi.

Abu uku ne suka haɗu wa kyanwa. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum ke ɗaure farasitamol da shi ta fitar ta fitsari, sai maganin ya bi wata hanya ya koma guba. Himogulobin ɗinta kuma yana da gurabe 8 masu ɗauke da farar wuta waɗanda tsatsa ke saurin kamawa, alhali na kare 4 ne, na mutum 2. Sannan saifarta ba ta iya tace ƙwayoyin da suka lalace da kyau. Saboda wannan raunin ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarin furofilin gilaikol a abincin kyanwa a 1996, alhali an bar shi a na kare.

Akwai makari, sunansa asetilsistin, amma sai an kai ta wurin likitan dabbobi cikin sa'o'in farko. Kare ya fi ta juriya, sai dai shi ma in ya yi yawa hantarsa ce ke tafiya. Kada a ba shi sai da awon likita.

Albasa fa? Ai abinci ce.

Abinci ce gare mu. A cikinta, da tafarnuwa, akwai sinadaran farar wuta masu haifar da ƙullutan Heinz. Dafawa ba ta kashe su, busarwa ma ƙara tattara su take yi, shi ya sa garin albasa ya fi ɗanyarta haɗari. Kyanwa giram 5 a kowane kilo na nauyinta ya isa ya taɓa jininta, kare kuwa giram 15 zuwa 30. Wannan ya shafi duk mai juye ragowar miya da ta suya a kwanon kare kullum, domin illar taruwa take yi, kuma ba ta bayyana sai bayan kwanaki.

A cikin dabbobin kiwo shanu ne suka fi rauni, doki na biye, tumaki da awaki kuwa sun fi kowa jurewa, musamman in a hankali aka saba musu. A yankunan da albasa ke yin araha lokacin kaka, irin su Aliero a Kebbi da Galmi a jihar Tawa, wadda ta fara lalacewa takan koma abincin dabba. Kaɗan a gauraya da harawa ba laifi. Amma saniyar da aka sake ta a kan tsibin albasa za ta ci har ta ƙoshi, domin tana son ta, bayan 'yan kwanaki sai a ga fitsarinta ya koma kamar zoɓo, numfashinta na warin albasa, tana tangaɗi. Ganyen kabeji da danginsa ma suna yi wa shanu haka in sun yi yawa, a nan ma tumbi ne ke juya wani sinadarin ganyen ya koma guba.

Wani abin mamaki: karnukan Japan irin su Akita da Shiba, wasunsu sun gaji wani nau'in ƙwayar jini da albasa ta fi saurin lalatawa fiye da ta sauran karnuka. Ke nan ko a cikin jinsi ɗaya ba a taru an zama ɗaya ba.

Ragona yana ta ƙiba, rana ɗaya ya kwanta, idonsa ya yi ɗorawa, ya mutu. Me ya faru?

Abubuwa da dama na iya jawo haka, amma tambayar farko da nake yi ita ce: me kake ba shi? In amsar ta haɗa da abincin kaji, ko kashin kaji da ake gaurayawa da dusa, ko gishirin lasa da aka yi don shanu, to jan ƙarfe nake zargi.

Kowace dabba tana buƙatar ɗan sinadarin jan ƙarfe. Matsalar tunkiya ita ce hantarta ta iya ajiya amma ba ta iya fitarwa ba. Abincin da jan ƙarfensa ya haura miligiram 15 zuwa 25 a kilo yana iya zame mata haɗari in aka daɗe a kai, alhali abincin kaji da na aladu da gangan ake ƙara masa. Sai hanta ta yi ta tarawa makonni, har watanni, rago na sheƙi, mai shi na murna. Ranar da wata wahala ta same shi, doguwar tafiya a mota zuwa kasuwa, ko yunwa, ko canjin wuri, sai hanta ta saki abin da ta tara gaba ɗaya cikin jini. Ƙwayoyi su yi ta fashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. In aka feɗe shi za a ga kitse da nama sun yi ɗorawa, ƙoda ta yi baƙi mai ƙyalli kamar bakin bindiga, mafitsara cike da baƙin fitsari.

Akuya da saniya sun fi tunkiya jure jan ƙarfe, shi ya sa mai turka zai ce, da gaskiyarsa, "Ai tare suke ci da akuyoyi." Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: kashin kaji taki ne, gona ya kamata ya tafi, ba kwamin ragon layya ba.

Me ya sa wata dabbar jininta ke yin baƙi, wata kuma ja jawur, alhali duk dawa suka ci?

Guba biyu ce daban a shuka ɗaya, kuma rarrabe su shi ne rabin magani.

Ta farko naitiret ce, wadda shuka ke zuƙa daga takin zamani. In fari ya kama dawa ko masara bayan an zuba taki, sai ta taru a gindin kara. Halittun cikin tumbi su mayar da ita naitirait, ita kuma ta shiga jini ta sa tsatsa. Jini ya koma ruwan cakulan. In kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na himogulobin ya lalace alamu sun bayyana, in ya kai wajen 80 sai mutuwa. Alade ba shi da tumbi, don haka ganyen bai cika damunsa ba, amma in naitirait ɗin ya samu kai tsaye ya fi kowa saurin faɗuwa, saboda ƙwayarsa ba ta da kuzarin goge tsatsar. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ma haka yake da ruwan rijiyar da taki ko masai ya gurɓata, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a lita.

Ta biyu ita ce ta gyauron dawa, wadda kowane Bafulatani ya sani tun kafin a rubuta ta a littafi. Sayanayid ce, irin ta ɓawon rogo mai ɗaci. Ita ba ruwanta da jar ƙwaya. Tsokar jiki take hana karɓar iskar, sai 'yar dako ta kai kaya a ƙi sauke mata, ta dawo da shi. Shi ya sa jinin jijiya yake fitowa ja jawur.

Ga inda abin yake burge ni. Maganin ta farko allurar shuɗin metilin ce, mai goge tsatsa. Maganin ta biyu kuwa ya haɗa da naitirait ɗin nan da kansa: likita na sa wa wani ɓangare na jinin tsatsa da gangan, domin methimogulobin yana fizgo sayanayid ya riƙe. Ke nan in aka yi kuskuren ganewa, aka ba dabbar da naitiret ta kama wannan allurar, an ƙarasa ta. Shuɗin metilin ɗin ma da ke ceton saniya, in aka yi wa kyanwa shi ba bisa awo ba, fasa mata jini yake yi.

Kifin da nake kiwo ma hakan na samun sa?

Ƙwarai. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama naitirait a cikin ruwa, ya shiga ta gaɓar numfashin kifi, jini ya yi ruwan ƙasa. Za ka ga tarwaɗa ta yi lakwas, ta daina cin abinci. Canjin ruwa da rage abinci su ne farko. Gishirin girki yana taimakawa, domin shi da gubar ƙofa ɗaya suke bi su shiga jikin kifi, in ya yi yawa sai ya tare mata hanya.

Ruwa ma zai iya fasa jini?

Zai iya. Maraƙin da aka bari da ƙishi, sannan aka ajiye masa bokiti cike, yakan sha fiye da kima, jininsa ya tsinke, ƙwayoyin su zuƙi ruwa su kumbura su fashe. Bayan 'yan sa'o'i sai jan fitsari. Raƙumi kuwa yakan shanye lita 100 cikin kwata na awa ya miƙe abinsa. Tumbinsa na sakin ruwan a hankali, ƙwayar jininsa kuma tana iya kumbura ninki biyu da ɗoriya ba ta fashe ba.

An ce dafin maciji ba ya fasa jinin tunkiya. Haka ne?

A kwalbar gwaji, dafin macizai dangin gamsheƙa yana fasa ƙwayar jinin kare da ta mutum cikin sauƙi, amma ta tunkiya da saniya da akuya sai ta ƙi. Dalili shi ne irin kitsen da dafin ke narkarwa kaɗan ne a tantanin ƙwayar masu tuƙa. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa: dafin yana da wasu makaman masu kama numfashi da ruɓar da nama, kuma suna kashe tunkiya. Kububuwa, wadda ta fi cika asibitin Kaltungo da majinyata, ita daskarewar jini take lalatawa.

Abin da ya kare tunkiya a nan shi ne ya tona ta a wani wurin. Ƙwayar cutar da ke kawo maruru da ciwon hantsa tana fitar da dafi iri-iri. Ɗaya ya fi cin jinin zomo nesa ba kusa ba, ɗaya kuma irin kitsen da ya yi yawa a ƙwayar tunkiya yake nema. Shi ya sa a ɗakin gwaji ba a cewa "jini" kawai, sai an faɗi na wa. Farantin da asibitoci ke shuka ƙwayoyin cuta a kai galibi da jinin tunkiya ake haɗa shi, kashi 5 cikin 100.

Mu mutane fa, duk ɗaya muke?

A'a, kuma wannan ce tambayar da na fi so iyaye mata su karanta. Akwai wani sinadari a cikin jar ƙwaya mai suna G6PD, shi ne ke samar da abin goge tsatsa. Mutum wajen miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, kuma Afirka ta Yamma na cikin inda ya fi yawa, domin yana ba da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonsa, kuma maza ya fi bayyana a jikinsu. An gano shi a 1956 a Shikago, bayan an lura maganin zazzaɓi na firimakwin yana fasa jinin wasu baƙaƙen Amurka, ciki har da fursunonin gidan yarin Stateville da aka yi gwajin a kansu.

Mai wannan ƙarancin lafiyarsa lau, har ranar da ya gamu da abin da ya fi ƙarfin ƙwayarsa: firimakwin, dafson na kuturta, shuɗin metilin, ko waken fava da ake yin ful da shi a Masar da Sudan. Wakenmu na gida ba ya ciki. Wanda ya fi damuna shi ne kafur, farin ƙwallon nan da ake jefawa a akwatin kayan jariri. Ko ba a ci ba, ta numfashi da fata yana shiga. Jariri ya yi shawara mai tsanani, in ba a yi sauri ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, ya tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Lalle ma an ga ya yi haka ga jariran da aka shafe musu jiki da shi a ƙasashen Larabawa da Turkiyya. A cire kafur daga ɗakin mai jego. In idon jariri ya yi ɗorawa a makon farko, asibiti za a nufa a ranar, ba shanya a hantsi ba.

Ina labarin dalma?

Kusan duk dalmar da ke cikin jini a cikin jajayen ƙwayoyi take zaune, kuma tana toshe sinadaran da ɓargo ke ƙera himogulobin da su. A madubin gwaji ƙwayoyin kan fito da ɗigo-ɗigo masu shuɗi. Kare yakan saki ƙwayoyin da ba su nuna ba, masu cibiya, da yawa. Saniyar da ta lashi tsohon batirin mota kuwa makancewa take yi ta dinga tokare kai da bango, sau da yawa ta mutu kafin jinin ya nuna wani abu.

A Zamfara, a farkon 2010, agwagi ne suka fara ɓacewa daga ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Agwagwa na tsince ƙasa da tsakuwa, ita ta fara kwasar ƙurar. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba sai da yara suka fara suma suna mutuwa a Dareta da 'Yargalma da Bagega da maƙwabtansu, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara fiye da 400 aka rasa. In dabbobin gida suka fara mutuwa ba dalili, a tambayi me suke ci, me suke sha, domin ƙasar da suke tsinta ita yara ke rarrafe a kai.

Hayaƙin janareto fa?

Wata iska mai guba da ke cikinsa, da cikin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki, tana manne wa himogulobin fiye da oksijin sau 200 da wani abu, ba ta da wari kuma. Ƙaramin tsuntsu ya fi mutum saurin faɗuwa saboda saurin numfashinsa, shi ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari a keji har 1986. Janareto waje, nesa da taga.

Na ga jan fitsari ko baƙin jini a dabbata. Me zan yi kafin likita ya zo?

Ka janye abincin da ruwan da kake zargi daga gaban sauran garken. Kada ka kore ta ko ka tilasta mata tafiya, jininta ba ya ɗaukar iska, gudu kaɗan zai iya kayar da ita. Ka sa ta a inuwa. Ɗaga leɓenta ka dubi dasashi: fari ne, ɗorawa ne, ruwan ƙasa ne, ko ja jawur? Ka riƙe wannan ka faɗa wa likita, tare da duk maganin da ka ba ta, ko na gargajiya ne. Ba kowane jan fitsari ne guba ba, cutar da kaska ke kawowa ma tana fasa jini, sammore kuma yana tsotse shi, kuma maganinsu daban ne.

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta, kada a ci. Yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutum.

In za a aika samfur ɗakin gwaji, ko na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ko na asibitin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a haɗa da damin abincin da kwalbar ruwan da dabbar ta sha. In naitiret ake zargi kuma dabbar ta riga ta mutu, ruwan cikin idonta ya fi jini riƙe shaida. Jinin kuwa a sa shi a sanyi, a kai da wuri, amma kada a bari ya yi ƙanƙara, domin ƙanƙara da kanta tana fasa ƙwayoyin, sai mai gwaji ya kasa bambance aikin guba da aikin firij.